Mutum Ɗaya Ne, Ƙofarsa Ta Zama Ɗaya

   Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah ya ba su sauƙi. Masu jinyarsu kuma, Allah ya saka musu da alheri.

Sharhinmu na yau ya shafi wasu bayin Allah da ba a cika jin muryarsu ba. Su ne waɗanda lalura biyu ta haɗe musu. Ga naƙasar jiki, ga kuma ciwon ƙwaƙwalwa. Wani hatsarin mota ne ya taɓa masa laka, daga baya ciwon damuwa ya danne shi. Wata shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita, sai tunaninta ya rikice. Wani kuma haka aka haife shi, ƙafa ba ta takawa, hankali bai cika ba.

Tambayarmu guda ce. Idan jinyar irin wannan mutum ta fi ƙarfin gida, ina za a kai shi? Kuma wa zai biya?

Bari in faɗi matsayina tun daga farko. Mutum ɗaya ne. Jikinsa da hankalinsa tare suke kwana, tare suke tashi. Saboda haka ƙofar da zai ƙwanƙwasa ta zama ɗaya. Kuɗin kula da shi kuma su fito daga baitulmali, su bi shi inda yake. Wannan ita ce maganar, kuma za ku ji ina ta maimaita ta.

Domin mu fahimci lamarin da kyau, za mu fara leƙawa Faransa. Daga nan mu dawo gida.

A kudancin birnin Lyon akwai wani gari mai suna Vénissieux. 'Yan'uwanmu na Nijar, musamman tsofaffin direbobi, sun san manyan motocin nan na Berliet. To, a wannan gari masana'antarsu ta kasance a da. A kan wani tudu na garin aka gina unguwar Les Minguettes, daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Dogayen benaye ne reras, an gina su domin ma'aikata. Da yawa daga mazauna unguwar asalinsu Aljeriya ne, da Maroko, da Tunisiya, da ƙasashenmu na Afirka ta Yamma. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi.

Kuma unguwa ce da ta san neman haƙƙi. A shekarar 1983 ɗan sanda ya harbi wani matashin unguwar, Toumi Djaïdja. Yana kwance a gadon asibiti aka ƙulla shawarar yin tattakin neman daidaito da yaƙi da wariyar launin fata. Sun tashi daga Marseille a watan Oktoba, mutum ƙalilan. Da suka isa Paris a watan Disamba, kimanin mutum 100,000 ne suka tarbe su. Shugaba François Mitterrand ya karɓi wakilansu. Daga nan aka samu takardar izinin zama ta shekara goma ga baƙi.

To, yanzu mu shiga ɗaya daga cikin benayen nan. Mu ƙaddara wani magidanci ne a hawa na goma. Ya faɗo daga wurin aikin gini, ya koma keken guragu. Idan lifta ta lalace, shi ke nan, ba shi ba kasuwa, ba shi ba sallar Juma'a. Duniyarsa ta zama ɗaki da taga. Matarsa ce ke juya shi cikin dare don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ita ke ɗaga shi, ita ke wanke shi. A hankali ya daina magana. Ya daina cin abinci. Wata rana ya fara jin muryoyin da ba wanda yake ji sai shi.

Ina matar nan za ta nufa?

Idan ta je asibitin ƙwaƙwalwa, akwai su. Akwai Saint-Jean-de-Dieu a kudancin Lyon, wanda yankin Vénissieux ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma babban asibitin Le Vinatier a garin Bron. Sai dai aikin asibiti shi ne ya kwantar da rikicin, ya sallami mutum. Asibiti ba gidan zama ba ne. Idan kuma ta je gidan kula da masu naƙasar jiki, akwai gadon da ake ɗagawa, akwai bandaki mai faɗi. Amma ba lallai a samu likitan ƙwaƙwalwa a kusa ba, ko ma'aikatan da suka san yadda ake lallashin mai firgita. Can a ce jikinsa ya yi musu nauyi. Nan a ce hankalinsa ya fi ƙarfinsu. Sai jeka-ka-dawo.

Masu sauraro, mutumin nan ɗaya ne. Tsari ne ya raba shi gida biyu.

Yanzu mu duba abin da Faransa ta yi a kan wannan. Gaskiya ta yi ƙoƙari, kuma akwai abin koyi.

Ranar 11 ga Fabrairun 2005 ƙasar ta kafa babbar dokar haƙƙin masu naƙasa. Dokar ta amince cewa ciwon ƙwaƙwalwa ma yana naƙasa mutum, kamar yadda karaya ko makanta ke yi. Ta kuma buɗe ofishi guda a kowane lardi, wanda suke kira MDPH. Can iyali za su kai takardunsu. Fom ne mai shafi 20, a haɗa da takardar likita. Wani kwamiti ya zauna ya duba. Shi zai ce wane ya cancanci alawus na wata-wata, wanda yanzu ya ɗan haura Yuro 1,000. Shi zai ce a biya wanda zai riƙa zuwa gida yana taimaka masa. Shi ne kuma zai ce wane sai gidan kulawa na dindindin.

Gidajen kulawar nan iri-iri ne. Akwai na waɗanda ba sa iya yi wa kansu komai, ana ce musu MAS. Asusun inshorar lafiya na ƙasa ne ke ɗaukar nauyinsu. Akwai kuma waɗanda aka fi sani da FAM. Su kuɗinsu daga aljihu biyu yake fitowa. Magani da ma'aikatan jinya, inshorar lafiya. Ɗaki da abinci, hukumar lardi. A yankin Lyon, tun farkon 2015, hukumar babban birnin ce ke riƙe da wannan aiki na lardi. Kun ga ko a lissafin kuɗi ma an raba mutumin.

Daga ina kuɗin suke zuwa? Nan akwai darasi. A watan Agustan 2003 an yi wani matsanancin zafi a Faransa. Kimanin mutum 15,000 suka rasu, yawancinsu tsofaffi, wasu su kaɗai a ɗaki. Abin ya girgiza ƙasar. Shekara guda bayan haka aka kafa asusu na musamman domin tsofaffi da masu naƙasa. Aka ce kowane ma'aikaci zai ƙara aikin yini guda a shekara ba tare da an biya shi ba. Masu kamfanoni kuma su zuba wani kaso a asusun. Wato an nuna wa kowa rijiyar da za a riƙa ɗebo ruwan. Ba a bar abin ga ganin damar wani minista ba.

To amma, jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Takardar kwamiti ba gado ba ce. Za a aiko wa matar nan ta Les Minguettes wasiƙa, a ce mijinta ya cancanci gidan kulawa. Daga nan sai ta shiga bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina a ce ta rubuta suna, ta jira. Jiran nan kan ɗauki shekaru. Mai ilimi da hanya ya san wanda zai buga wa waya. Wadda ba ta iya Faransancin ofis ba, ga yara, ga aikin shara da asuba, ita ce ke komawa ƙarshen layi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ƙarancin gurbin nan tsohon ciwo ne. Tun 1989 aka yi wata gyararriyar doka mai ɗauke da sunan ɗan wasan kwaikwayo Michel Creton. Ta ba da dama wanda ya wuce shekara 20 ya ci gaba da zama a gidan yara masu naƙasa, har a samo masa gurbi a na manya. An yi ta ne a matsayin mafita ta wucin gadi. Har yau dubban matasa na zaune a kanta. Su ba su samu wurinsu ba, ƙananan da ke bayansu kuma sun rasa wurin shiga.

Wasu iyalan da suka gaji da jira sai suka tsallaka iyaka. Kimanin Faransawa 8,000 masu naƙasa ne ke zaune a gidajen kulawa na ƙasar Beljiyam. Kuma Faransa ce ke biyan kuɗin. Ku duba wannan lamari. Kuɗin akwai. Amma maimakon a gina gida kusa da uwa, sai aka tura ɗanta wata ƙasa. Daga Lyon zuwa can tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Mai ƙaramin albashi sau nawa zai iya zuwa dubiya a shekara? Kuɗi sun bi mutumin, amma sun raba shi da danginsa.

A 2013 iyayen wata budurwa 'yar shekara 19 suka ce tura ta kai bango. Lalurarta ta haɗa jiki da ƙwaƙwalwa, kuma ba gidan da ya karɓe ta. Suka kai ƙara kotu a kusa da Paris. Alƙali ya ba hukumar lafiya ta yankin kwana 15 ta samo mata wuri. Wannan hukunci ya sa gwamnati ta nemi wani babban jami'in shari'a, Denis Piveteau, ya yi nazari. Rahotonsa na 2014 ya tsaya a kan manufa guda: kada a bar ko mutum ɗaya ba mafita. Duk da haka, a 2023 kwamitin kare haƙƙin jin daɗin jama'a na Majalisar Turai ya bayyana cewa Faransa ta tauye haƙƙin masu naƙasa. A shekarar ce Shugaba Emmanuel Macron ya yi alkawarin samar da sababbin mafita 50,000 zuwa 2030. Iyalai sun ji, suna kuma ƙirga kwanaki.

A nan, masu sauraro, dole mu saurari masu wani ra'ayi. Akwai waɗanda ke cewa gidajen kulawar su kansu ne matsalar. A 2017 wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, Catalina Devandas, ta ziyarci Faransa. Ta ce killace mutane a gidaje na musamman ware su ne daga al'umma. Ta nemi a rufe su sannu a hankali, a mayar da kuɗin ga taimakon mutum a cikin unguwarsa. Masu naƙasa da yawa suna goyon bayan haka. Suna cewa ba wanda yake son a tsara masa lokacin barci da lokacin wanka har ƙarshen rayuwarsa.

Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma tarihin Lyon kansa shaida ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abinci ya yi ƙaranci a Faransa. Wanda yake waje yana iya zuwa ƙauye neman dankali, ko ya saya a bayan fage. Wanda aka kulle fa? A asibitin Le Vinatier kaɗai, majinyata kusan 2,000 ne yunwa da sanyi suka kashe. A faɗin ƙasar, masana tarihi sun ƙiyasta kimanin 45,000. Duk wanda aka rufe a bayan katanga, rayuwarsa na rataye da kasafin kuɗin wasu. Ranar da kuɗin suka yanke, ba shi da wurin gudu.

To me za mu ce ke nan? A rufe gidajen, a mayar wa iyaye da 'ya'yansu? Ku tambayi tsohuwa 'yar shekara 70 da ke ɗaga ƙato ɗan shekara 40 ita kaɗai. Abin da ke hana ta barci shi ne, ranar da ta kwanta dama, wa zai riƙe shi? A ganina a ba mutum zaɓi. Wanda zai iya zama a gida, a kai masa taimako har gida. Wanda jinyarsa ta fi ƙarfin gida, a samar masa ƙaramin gida a cikin gari, kusa da dangi. Ƙofar a buɗe take, 'yan dubiya suna shiga, masu sa ido suna leƙawa ba sanarwa. Likitan jiki da na ƙwaƙwalwa su same shi a wuri guda. Domin mutum ɗaya ne.

Yanzu mu dawo gida.

Wani zai ce, malam, Faransa mai arziki ma ta kasa, balle mu? To ai mu ma muna biya. Bambancin shi ne wanda yake biya. A wurinmu uwa ce ke biya da ƙashin bayanta. 'Yar da aka cire daga makaranta don ta zauna da yayanta, ita ma biya take yi. Gonar gado da aka sayar aka bi masu magani, ita ma kuɗi ce.

Ku shiga kowace unguwa a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Za ku samu gidan da ke da wani ɗaki a can ƙurya. A ciki akwai saurayin da ya faɗi a kan babur shekarun baya. Da farko abokai suna zuwa. Yanzu sai mahaifiyarsa, da bokitin ruwa, da tabarmar roba. Idan ya fara fisge-fisge, a ce iska ce. Idan za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko Kware, ko Barnawa, sai an ɗauki shatar mota, an nemo majiya ƙarfi huɗu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga jama'a sama da miliyan 200. A Nijar ma, da yawa sai sun dangana da babban asibitin Yamai.

Idan gida ya gaji, kuma hukuma ba ta buɗe ƙofa ba, mun san ƙofar da ake bi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna. Suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Ba a daɗe ba aka gano irinsa a Daura. An rufe wuraren, kuma daidai ne. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can, wace ƙofa aka buɗe musu a madadin wadda aka rufe?

Dokoki kam muna da su. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. A Janairun 2023 ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Sabuwar dokar ta tanadi asusu na musamman domin wannan fanni. Abin tambaya a kowace shekara shi ne, nawa aka zuba? Nawa aka fitar? Darasin Les Minguettes ke nan. Doka ba ta juya majinyaci cikin dare. Ma'aikacin jinya ne ke juya shi, kuma sai an biya shi albashi.

Ba kuma sai mun kwaikwayi Turai a komai ba. Muna da namu tarihin. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari. Majinyaci zai sauka a gidajen mutanen ƙauye, tare da wani ɗan'uwansa. Da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin jama'a. Duniya ta yaba da wannan tsari. Tun kafin nan da ƙarnuka, a birnin Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a shekarar 1284. Akwai sashen masu taɓin hankali a ciki, kuma dukiyar waƙafi ce ke ɗaukar nauyinsa. A ƙasar Hausa kuma muna da sarkin makafi, muna da sarkin guragu. Sun san mutanensu gida-gida. Duk tsarin da za a yi, da su za a zauna.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na farko, gwamnatocin jihohi su ware wa wannan aiki layinsa a kasafin kuɗi, da sunansa, yadda kowa zai gani. Hukumomin zakka da waƙafi su tallafa, amma nauyin na hukuma ne. Sadaka tana zuwa tana yankewa, jinya kuwa ba ta hutu. Na biyu, ƙofa ta zama ɗaya. Kada ma'aikatar lafiya ta ce na jin daɗin jama'a ne, ita kuma ta ce na lafiya ne. Na uku, a fara da ƙananan gidaje kusa da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Ko na kwana bakwai ne, a karɓi majinyaci, mai jinya ta samu ta miƙe bayanta. Kuma duk wurin da ke ajiye mutane, na gwamnati ne ko na malami, a yi masa rajista, a riƙa duba shi.

Jama'a masu sauraro, ga kalmata ta ƙarshe gare ku. Lafiya uwar jiki ce, kuma ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar. Wanda ya fita da ƙafafunsa da safe, ana iya dawo da shi a ɗauke da yamma. Wannan magana ta kowa ce.

Idan akwai irin wannan majinyaci a unguwarku, ku je ku gaishe shi. Ku yi hira da shi kansa, ku tambaye shi abin da yake so. Ku karɓi mai jinyar ko na yini guda ne. Idan kun ga damuwa ta fara kama shi, ku taimaka a kai shi ga likita. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Idan kuma ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nawa aka ware wa masu wannan lalura a kasafin bana. Ku ce ya nuna muku a rubuce.

Ke kuma baiwar Allah da ke saurarenmu a gefen shimfiɗar majinyacinki, sannu da ƙoƙari. Neman taimako ba gazawa ba ce. Haƙƙinki ne, kuma haƙƙinsa ne. Mutum ɗaya ne, ƙofarsa ta zama ɗaya, kuma al'umma duka ta ɗauki nauyinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sauke amana.